Sunan Alhaji a Tafin Amarya

Alhaji Mutawakilu ba ya iya ganin fili ya bar shi fili. Aibinsa ke nan, kuma a yi masa adalci, bai taɓa ɓoye shi ba. A aljihunsa na dama akwai hatimi mai ɗauke da sunansa, a na hagu akwai ɗan akwatin tawada, kuma duk abin da ya tsaya cak a gabansa sai ya sha bugu. Ya buga wa kwalayen kayansa. Ya buga wa murafun tukwanen matarsa. Da azumi ya yi sadakar dabino, kowace leda ta fito da sunansa ciki da waje, don kada a samu ruɗani wajen rubuta lada. Shi ya sa matan da ke fatauci a birnin Guangzhou na ƙasar China suke kiransa Alhaji Ga-Sunana. Shi kuwa ya fi son a ce masa Lauban, wato maigida da Sinanci, sunan da 'yan shago ke kiran duk wanda ya tsaya taya silifa.

Babban mutum ne. Shi ya faɗa, kuma babu wanda ya fi shi sani. Daga zangon Kumasi ya zo, ya sayar da caja, ya sayar da gashin doki, ya sayar da fitila mai hasken rana, kafin Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da halinsa. Yana da ofis a unguwar Tianhe, a bene mai tsawo da gilashi. Tebur ɗaya ne da ake haya da awa, yakan je ya zauna a ɗauke shi hoto yana riƙe da waya, sannan ya sauko ya bi jirgin ƙasa ya koma gida. A katinsa an rubuta Shugaba, Babban Darakta, kuma Wanda Ya Kafa. Ma'aikatan kamfanin gaba ɗayansu suna da suna ɗaya, Ajara, kuma ita ce dai matarsa da ke dafa masa abinci.

Sana'ar mai sauƙi ce. Roba ce ake sassaƙa mata zanen fure ko ganye, a manna ta a jikin katako. Mace ta dangwala ta a kwaɓaɓɓen lalle, ta danna a hannu ko ƙafa, zane ya fito ba sai an yini gaban mai ƙunshi ba. Wasu da tawada suke amfani da ita, su yi wa katin biki ado ko jakar rabon kaya. Ba a shago ake sayar da ita ba. Mace ce za ta gayyato ƙawayenta gidanta, ta yi girki, mai hatimi ta zo da akwatinta, a ci, a yi hira, a gwada, a saya. Uwar taro ta samu tukwici. 'Yan kasuwa kuma su kwashi kwalaye su tafi da su Kano da Yamai da Ankara ta Ghana, su ci gaba da yin haka a can.

Kamfanonin da ke wannan harka a tsakanin mutanenmu na Guangzhou sun kai biyar ko shida, amma idan mace ta buɗe baki, suna ɗaya take kira: na Saffana. Saffana Bakanuwa ce, gajeriya, ga tsada, ga gulma. Kamfaninta ko allo ba shi da shi. Kuma masana'antar da ke yi mata hatimi a Shiling, garin masu jakunkunan fata, ita ce dai ke yi wa Alhaji. Roba ɗaya, katako ɗaya, injin ɗaya. Amma ko matan da suka sayi na Alhaji, in an tambaye su sai su ce, “Irin na Saffana ne.”

Wannan kalma ita ke hana Lauban narkar da abinci.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk wadda ta taɓa zama a tarukan biyu. Saffana takan shigo ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa. Ta ci tuwon uwar taro ta nemi ƙari, ta tambayi yadda aka haɗa miyar, ko da miyar ruwa ce da gishiri. Ta kama hannun matar da ta fi kowa kunya ta fara da ita. Idan aka tambaye ta ko zanen yana hana ruwan alwala taɓa fata, ba ta dogon bayani, sai ta ce a kawo buta. Idan za a watse, ta miƙa wa uwar taro tukwicinta a gaban kowa, ta yi ta koɗa ta kamar ita ta ƙirƙiro roba. Matan sai su tafi gida kowace na cewa a ranta, ni ma ai ina da falo, ni ma na iya miya. Taro ɗaya ya haifi biyu. Ba kirki ne ya yi wa Saffana yawa ba, lissafi ne.

Alhaji yana da tsarin da ya fi wannan ci gaba. Shi namiji ne, ba zai shiga ɗakin da mata suka cire mayafi suka baje ƙafafu ba. Wani sai ya tura matarsa ya zauna a gida. Amma Lauban ba wani ba ne. Ya sayi ƙaramar lasifika, Ajara ta shiga da ita ta ajiye a tsakiyar falo, shi kuma ya tsaya a matattakalar bene da babbar riga yana magana ta waya.

Taronsa na farko a gidan Hasiya aka yi, wata mai sarin atamfa. Ta yini tana dambu.

“Iyayena mata,” in ji lasifika, “kafin a taɓa abinci, ya kamata ku san a gaban wa kuke. Ni Alhaji Mutawakilu, an haife ni ne a daren da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Malamin da ya raɗa mini suna ya dube ni ya ce, wannan yaro zai bar alama a duniya.”

Ya bi ta makarantar firamare aji-aji. Ya bi ta caja da gashin doki. Dambu ya huce. Wata tsohuwa 'yar China da ke maƙwabtaka ta buɗe ƙofa ta zazzaga masa abin da ke ranta, ya ɗaga mata hannu ya ce, “Shiye-shiye,” wato na gode, sannan ya sanar da mata cewa ko 'yan ƙasa sun fito yi masa maraba. Da ya gama, la'asar ta gota, mata sun fara neman takalmansu. Ajara ta samu ta danna wa mutum biyu fure a tsaye. Tukwicin Hasiya kuwa kalanda ce, mai hoton Alhaji a kowane wata, da hula daban-daban.

Wannan taro bai haifi komai ba. Na bayansa ma haka.

Mutum mai zurfin tunani ba ya zargin kansa tun da wuri. Alhaji ya fara da zargin hassada, ya koma kan sammu, daga baya ya ce binciken kasuwa zai yi, kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Ya tafi kasuwar Baima, inda mata ke sarin tufafi, ya tsaya a bakin lif ɗin hawa bene yana tare duk mai ɗankwali yana tambayarta kamfanin hatimin da ta sani. Duk amsar iri ɗaya ce. Ya nuna wa wata 'yar shago katinsa ya tambaye ta ko ta taɓa jin sunan, ta ce, “Meyo,” wato babu, ba ta ma ɗago kai daga wayarta ba.

A nan Saffana ta same shi, tana jan jakar kaya.

“Lauban, ƙidayar jama'a ake yi?”

“Hajiya, nazari nake. Ke ba za ki gane ba, abu ne na ilimi.”

“To Allah Ya ba da sa'a. Amma in kana son shawarar jahila, ka bar Ajara ta yi aikinta. Hannunta ya fi nawa, mata na sonta. Kai ka zauna a gida ka sha shayi.”

“In zauna a gida? To wa zai san kamfanin na wane ne?”

“Wa ya tambaya?” in ji Saffana, ta ja jakarta ta wuce.

Wannan tambaya ta shige shi, amma ta ƙofar baya. Ya koma gida ya kira taron gaggawa na dukkan ma'aikata, Ajara ta rage wutar girki ta zo.

“Na gano matsalar,” ya ce. “Mace ta sa furenmu, ta tafi biki, ta tafi suna, ta miƙa hannu a gaisa, mutum ɗari su gani. Wa ya san furen na wane ne? Babu. Muna raba allon talla kyauta, ba rubutu a kai. Wannan asara ce da ba a taɓa yin irinta ba.”

“Alhaji, hannun mutane ne fa,” in ji Ajara.

“Fili ne,” ya ce.

Bai ƙara gaya mata komai ba, domin manyan sirrin kamfani ba a tattauna su da ƙananan ma'aikata. Ya ɗauki mota shi kaɗai ya tafi Shiling da zane a aljihu. Fure ne babba na tsakiyar tafi, da na bayan hannu, da na ƙafa, masu siraran layuka kamar leshi. A cikin lanƙwasar ganyen, an saƙa haruffa da lambobi. Mai masana'antar ya saba buga sunan kamfani a jikin jaka, amma sai da ya nuna fatar hannunsa ya tambaya har sau biyu, a nan za a buga? Alhaji ya ce a nan. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya karɓi aiki.

Sai ga dama ta faɗo. Hajiya Nusrat, mai kamfanin kago da ke tura kwantena Tema da Legas, za ta aurar da 'yarta Rafia ga wani saurayi mai suna Abdul-Fatah, da ke karatun injiniya a jami'a a nan garin. Yaran sun daidaita kansu, iyaye suka sa albarka. Duk macen da ke da kwali a hanya tana bin Hajiya Nusrat da gaisuwa, saboda haka ranar ƙunshin Rafia ita ce taron mata mafi girma na shekara. Gwaggwannin ango ma sun taso daga Kumasi. Duk wanda hatiminsa ya hau hannun wannan amarya, sunansa ya gama shiga gari. Kowa ya ɗauka aikin Saffana ne.

Alhaji ya yi sintiri gidan Hajiya Nusrat har takalminsa ya san hanya. Ya tuna mata unguwarsu ɗaya. Ya tuna mata kakarsa ta taɓa goya yayarta. Ya ce kyauta zai yi, da sabon zane da ido bai taɓa gani ba.

“Mutawakilu,” ta ce masa, “don Ajara na yarda, ba don kai ba. Kuma ban da lasifika.”

“Gajeren jawabi ne kawai, Hajiya.”

“Ban da lasifika.”

Ranar ƙunshi ya zo da lasifika. Ya zo kuma da akwati naɗe da jan ƙyalle, wanda ko Ajara ba ta ga cikinsa ba, domin a cewarsa ƙaddamarwa ba ta yiwuwa sai da mamaki. Ya tsaya a matattakala ya fara.

“Iyayena mata, yau tarihi zai kasu biyu: kafin wannan akwati da bayansa. Akwai waɗanda suka yi suna da cin tuwon mutane. Mu da fasaha za mu yi namu. Na yi muku alkawari, daga gobe babu wanda zai sake tambayar waye Mutawakilu.”

Wata daga cikin gwaggwannin ango ta miƙa ƙafa ta taka maɓallin lasifikar. Alhaji bai sani ba, ya ci gaba da yi wa bango bayani har kusan magariba.

A ciki kuwa Ajara ta kwance ƙyalle. Zanen ya yi kyau, wannan babu musu. A jikin baƙar roba rubutu a juye yake, ga shi siriri, ga mata sun yi layi kowace na miƙo hannu, babu mai lokacin ƙura ido. Ɗanyen lalle kuma idan ya hau fata duk ɗaya yake, kore ne mai kauri. Ta yi wa amarya tafi biyu, bayan hannu biyu, ƙafa biyu. Ta yi wa ƙawaye. Ta yi wa gwaggwanni. Hajiya Nusrat da kanta ta miƙa hannun dama. Aka naɗe da leda yadda zai kama sosai, aka yi guɗa, aka ci abinci da zafinsa. Saffana na gefe tana cin nama, ta ce ita hannunta na ƙaiƙayi, a bar ta. Mata da yawa suka yi wa Ajara alkawarin taro a gidajensu, wasu ma suka sayi sabon hatimin a nan take. Da a nan labarin ya tsaya, da kamfanin ya tashi.

Da safe, ranar ɗaurin aure, aka kwance leda aka kankare lalle. Ya kama kuwa. Ja wur, har yana komawa baƙi-baƙi. Rafia ta ɗaga tafinta ta juya shi ga taga, ta ƙura masa ido.

“Mma,” ta ce, “zo ki karanta mini, ko idona ne.”

Ba idonta ba ne. A zagayen furen, harafi bayan harafi, an rubuta ALHAJI MUTAWAKILU, SHUGABA. A ƙarƙashinsa lambar waya, har da ta ƙasa, don masu kira daga waje. Haka a hannun hagu. Haka a ƙafafu. Yarinya za ta shiga ɗakin mijinta da sunan wani ƙato a gaɓoɓinta huɗu, da lambar da za a same shi.

Aka kawo lemon tsami. Aka kawo man goge baki, da sabulun wanki, da toka da wata ta ƙona takarda ta samo. Lalle dai lalle ne, ba ya fita sai fata ta ga dama. Gwaggon da ta taka lasifika, mace mai jikoki da takaba biyu a bayanta, ta zauna tana kallon hannunta tana cewa, “Ni? A wannan shekarun nawa?” Wata ƙawar amarya ta fashe da kuka, saboda mijinta na jiranta a Kano a ƙarshen mako, kuma mutum ne mai yawan tambaya.

Aka ɗaura aure. Amarya ta yi walima da safar hannu da safar ƙafa, a zafin Guangzhou da ke narkar da kwalli. Hotunan bikin duk haka suka fito, kamar za ta shiga ɗakin tiyata. Ango yaro ne mai hankali. An ce da ya ga hannun ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗauki waya ya kira lambar.

“Salamu alaikum, Baba. Abdul-Fatah ne, mijin allon tallarku. Na ce ko akwai kuɗin haya?”

Alhaji ya ɗauka yabo ne. Ya fara yi masa bayanin tsarin wakilci, sai ya ji an kashe.

Washegari kafin azahar wata ta ɗauki hoton tafin gwaggo ta tura wa 'yar'uwarta, ita kuma ta rantse ba za ta nuna wa kowa ba. Kafin la'asar hoton ya isa Kumasi, ya isa Kantin Kwari, ya isa Yamai. Lambar kuwa ta fito tar, domin masana'antar Shiling ba ta aikin banza. Waya ta fara ruri. Masu zagi suka kira. Masu dariya suka kira, ba su ce komai ba sai dariyar. Wani daga Zinder ya tambaya ko ana buga wa raguna. Mijin ƙawar amarya ya kira daga Kano, kuma shi bai yi dariya ba. Hajiya Nusrat ba ta kira ba. Ta sa aka fito da kwalayen Alhaji daga sitonta aka jera a bakin titi, kuma babu wahalar gane su, kowanne na ɗauke da sunansa ta fuska shida.

A kwanakin farko Lauban ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce duk wani sabon abu sai an yi masa tawaye. Ya ce yanzu a je Baima a sake ƙidaya a gani. Kuma gaskiyarsa ne. Alkawarin da ya yi a matattakala ya cika, babu wanda ya sake tambayar waye Mutawakilu. 'Yar shagon nan mai “meyo” ta gan shi ta nuna tafinta tana ƙyalƙyala dariya. Bayan sallar Juma'a, inda ake tsayawa sayen gasasshen nama, maza suka riƙa ɓoye hannu a aljihu idan ya miƙo nasa. Ya fi Saffana suna nesa ba kusa ba. Sai dai ko mace ɗaya ba ta sake buɗe masa falonta ba.

Ajara ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki tsofaffin hatimai marasa rubutu, ta zuba a jakar hannu, ta bi Saffana taro. Yanzu tare suke zuwa, kuma mata na cewa hannun Ajara ya fi. Saffana ma na faɗin haka da bakinta, a gaban kowa, sannan ta karɓi kasonta.

Lallen ya ɗauki makonni yana kodewa. Ganye ya fara tafiya, sannan fure. Sunan ne ya fi daɗewa, domin Alhaji ya roƙi mai masana'anta ya zurfafa wajen.

Ana cikin haka ne saƙon murya ya shigo zauren wayar 'yan kasuwa, inda maza da mata ke sanar da farashin kago da rasuwa da haihuwa. Shi ne jawabi mafi gajarta da Lauban ya taɓa yi, kuma shi kaɗai ne aka saurara har ƙarshe.

“Jama'a, salamu alaikum. Wani bawan Allah ne ke magana. Ina roƙon alfarma. Masu kiran lambar nan, don girman Allah ku bari, na canza ta, wanda ke ɗauka yanzu wani ɗan China ne kuma ya gaji. Matan da ke da sabon hatimin, a sa reza a kankare rubutun. Sannan duk wanda aka tambaya, a nan ko a gida, waye Alhaji Mutawakilu, ya taimaka ya ce bai taɓa jin sunan ba.”